Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Kawu da littafin Imam

Jama'a barkanmu da wannan satin. Mun tsaya a inda aka mai da ni gidan Kawu bayan rasuwar Baba. To shi Kawu, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da har gobe take min zafi, wai "mai rubuta labari maƙaryaci ne da ya samu takarda". Ranar da ya fara faɗa min ita, Magana Jari Ce ya kama ni da shi a ƙarƙashin tabarma, bangon duk ya yage na ɗinke shi da zaren Inna, ya karɓe ya kulle a akwatinsa.

Lokacin ba ni da bakin magana. Da yanzu ne wallahi sai in ce Kawu, wannan maƙaryacin naka fa Abubakar Imam ne, haifaffen Kagara a 1911, ya yi Kwalejin Katsina, yana malamin makaranta ya rubuta Ruwan Bagaja a gasar rubuta littattafan Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, kuma a gasar nan yayansa Malam Bello Kagara ya fito da Ganɗoki, gida ɗaya marubuta biyu. A 1939 aka ba shi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, jaridar da shi kansa Kawun ba ya fashin saye! A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jarida. Turawa sun ba shi lambar yabo ta OBE, Najeriya ta ba shi ta CON, ga digirin girmamawa, har ya rasu a 1981 ana kiransa Dakta. Maƙaryaci da takarda fa.

Shekarun da na yi a kwalejin horon malamai ba wani abin faɗa, mu wuce.

Na ma tuna, can da tsufa ya kama Kawu ido ya tafi, 'yata ta fari yake kira da la'asar, "ke 'yar boko zo ki karanta min na akun nan", yana dariya har da tari. Littafin nawa ne, zarena na jiki. Bai taɓa cewa ya janye maganarsa ba, ni ma ban tuna masa ba, amma dai Inna ta gani da idonta.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu sai rigimar gonar gado.