Masaukina a Elmina: kifi ne ke riƙe da shi

Ni haifaffen Zangon Elmina ne, a gaɓar tekun Ghana, kuma sana'ata ita ce kula da wani ɗan masauki mai ɗakuna 8 da na gina a filin da mahaifinmu ya bari. Fataucin goro ne ya kawo kakanmu kudu, amma mu da muka tashi a nan, ƙarnin kifi da rugugin injin kwale-kwale da asuba muka buɗe ido muka tarar.

Lokacin da na aza harsashin ginin, lissafina duka a kan 'yan yawon buɗe ido yake, kuma ban ga laifin kaina ba. A garin nan ne tsohon gidan bayin da Turawan Fotugal suka gina a 1482 yake, wanda mutanen Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Baƙaƙen fatar Amurka suna zuwa su tsaya a ƙofar da aka fitar da kakanninsu zuwa jirgi, wasu su fito idanunsu sun yi ja. A 2019, da gwamnatin Ghana ta shelanta Shekarar Dawowa don gayyato jikokin bayin da aka kwashe su ziyarci gida, har baƙi na riƙa mayarwa don rashin ɗaki. Shekara na zagayowa korona ta rufe iyakoki, sai ga ni da fankoki da gadaje babu mai kwana. Ko a lokacin lafiya ma, yawancinsu a bas suke zuwa daga Accra, su zaga gidan bayin, su wuce Cape Coast ko dajin Kakum kafin la'asar.

Waɗanda suka riƙe ni su ne matan da ke sarin kifi daga Kumasi da Techiman, da direbobinsu, da masu sayar da taru, da makanikan injin jirgi. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke sanyi kifi ya taso, ba na samun sukuni. Akwai wata hajiya da ta ɗauki shekaru tana sauka a wurina. Kafin kiran assalatu ta riga ta ɗaura ɗamara, ta tura kuɗinta cikin lalita, ta nufi gadar tafkin Benya inda jiragen masuntan ƙabilar Fante masu tutoci ke shigowa. Ba ta dawowa sai ta ga an jera kifinta a kan waya, hayaƙin banda ya kama shi, an danna shi cikin kwanduna. Ba ta taɓa tambayata intanet ba, ruwan wanka da wurin ajiye kaya kawai take nema.

Shi ya sa littafin kuɗina yake bin teku sau da ƙafa. Ranar Talata masunta ba su fita, bisa al'adar garin, kuma a Talatar farko ta Yuli ake bikin Bakatue na buɗe kakar kamun kifi, wanda ke cika mini ɗakuna. Idan man jirgi mai rangwame ya yi wuya, ko aka hana kwale-kwale fita na wata guda kamar yadda aka soma a 2019, nan take nake ji a aljihuna.

Abin da masu sha'awar gini a bakin teku ba su cika sawa a lissafi ba shi ne gishiri. Iskar nan ba ta barin ƙarfe ya tsufa da mutuncinsa: kwanon rufi ya huje, makulli ya cije, rodi ya kumbura a cikin kankare har ya tsaga bango. Duk shekara sai na ware kuɗin fenti da na kafinta kafin in kira sauran riba.

Sai batun fili, wanda 'yan'uwa mazauna Turai da Amurka suka fi damuna da shi a waya. Yawancin ƙasar nan ta sarauta ce ko ta dangi, don haka abin da mutum ke saye haya ce ta dogon zango. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, tsarin mulkin 1992 bai ba shi fiye da shekara 50 a lokaci guda ba. Ni kaina na taɓa ƙonewa. Na biya wani mutum kuɗin fili, ya ba ni takarda har da hatimi, na sauke yashi da bulo, sai ga wani ɓangare na danginsa sun zo suna cewa ba shi ne shugaban gida ba, ba shi da ikon sayarwa. Rabin kuɗin kawai na karɓo, shi ma bayan dattawa sun shiga tsakani. Tun daga nan, duk wanda ya aiko ni neman fili, sai na ɗauki safiyo ya auna, na kai taswirar Hukumar Filaye a bincika sunan wa ke kai, sannan na zauna da shugaban dangin a gaban shaidu. Nakan kuma kai mai sayen wurin da damina, a lokacin da teku ta cika, ya ga da idonsa inda igiyar ruwa take tsayawa.