TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Ƙarfen da aka kai maƙera

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya ne a inda na aje kaki a 2022 bayan shekara 35 cif, na kwaso iyalina muka dawo ƙauyenmu nan ƙasar Ringim. Toh abin da zan ba ku yau a bazarar da ta biyo baya ya faru, kuma har yanzu in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Wata Laraba ce da hantsi, ana irin zafin nan na gab da faɗuwar damina, ina zaure ina ɓarar gyaɗar iri sai ga ɗan ƙanwata ya yi sallama. Yaro ne mai neman na kansa, jari bola yake yi, yana bin ƙauyuka da kura yana sayen tsoffin ƙarafa, wani lokacin kuma ya sari na masu kawowa daga gabas a mota. Ya durƙusa ya gaishe ni yace "Kawu, Sarkin Maƙera ne yace dan Allah ka leƙo, akwai wani ƙarfe da na kai masa, wai ka duba ko irin naku ne na bariki." Nace wane irin ƙarfe? Yace "dogo ne mai tsinin kai, kilo sha biyar ya hau a sikeli, kuma akwai zoben jan ƙarfe a wajen gindinsa."

Ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Na samu maƙerar cike, kun san lokacin ne kowa ke son garma da fartanya, yara biyu na kan zuga-zugi, dattawa zazzaune a kan buhu ana hira. Ga shi nan a yashe kusa da tulin gawayi, bai fi taku uku da wuta ba. Harsashin igwa ne mai milimita 105, irin wanda na yi shekaru ina ƙirgawa ina jerawa a ma'ajiyar makamai, ya yi tsatsa amma kansa na nan a ɗaure. Daga inda nake tsaye na hango zoben nan duk ya yi zane-zane a karkace kamar an yi masa tsaga, sai gabana ya yanke ya faɗi, domin cikin bututun igwa ne kaɗai ke yi wa zobe wannan zanen. Ma'ana an riga an harba shi, ya je ya faɗi bai tashi ba.

Bari in ɗan tsaya nan, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane me ya sa tsohon soja ya fito ba takalmi ba. Harsashi irin wannan, abin fashewar da ke cikinsa ba ya tashi shi kaɗai haka kawai, sai da abin da ke kansa wanda muke cewa fiyus. A cikin fiyus akwai ɗan mitsitsin abu mai saurin kamawa kamar kan ashana, shi ke tada babban. Masu ƙerawa sun san za a loda shi a mota, za a sha gargada da shi, wani ma ya suɓuce a hannun kurtu, shi ya sa suka kautar da ashanar daga saitin babban suka danne ta da sakata biyu, kuma ƙa'ida ce kowace sakata da abin da ke zare ta daban. Ta farko sai ta ji naushin nan na fita daga bakin igwa. Ta biyu sai ta ji harsashin na juyi a iska kamar katantanwar yara. Bayan nan ma sai ya ɗan yi nisa da waɗanda suka harba shi kafin ashanar ta dawo saiti. Malaminmu a makarantar sojan kula da makamai ya sha nanata mana cewa sabo a akwati mai barci ne, amma wanda aka harba bai tashi ba idonsa biyu, an zare masa sakata duka, ƙila tsatsa ce ko ƴar ƙasa ta riƙe shi, ɗan bugu kaɗan ya ishe shi.

Nace "Sarki, dan girman Allah a daina zuga, kowa ya tashi a hankali." Ya ɗago ya dube ni da masaba a hannu, yace "Haba Saje, wannan ai mushe ne, yaron nan a kura ya turo shi tun daga bakin titi, da zai tashi ai da ya tashi. Zoben kawai zan cire, sauran in sa a wuta ya yi laushi." Dattijo ne, ya girme ni da kusan shekara goma, kuma gadon gidansu ne wasa da wuta, a bikin sallah na sha ganinsa yana lasar ƙarfen da ya yi jajir a wuta. Ba mutumin da za ka ɗaga wa murya ba ne a gaban jama'a. Sai na durƙusa nace "Sarki, wutar maƙera taku ce, ba mai ja da ku, amma wannan ba ta san gado ba. Ina Legas ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 da gobara ta kai ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja. Waɗancan ma ba a harba su ba, sakatunsu na rufe, zafi kaɗai ya tada su, mutum sama da dubu suka rasu, da yawansu a ruwan Oke-Afa suka nutse wajen gudu cikin duhu, mata da yara. Ni na ga gawarwakin da idona." Na ba ku wannan labarin a kashi na takwas, ba zan maimaita ba don ba na son tuna shi.

Shiru ya yi, can ya aje masabar a kan uwar maƙera yace wa yaran su bar zugar.

Wani malamin firamare da ke wurin, mai bibiyar abubuwa a waya ne, ya tambaye ni daga baya wai ba ance bama-baman zamani kwamfuta ke sarrafa su ba, in ba su tashi ba kashe kansu suke? Gaskiya ne akwai su, an koya mana su a kwas ɗin da na yi gab da ritaya kuma ni sun burge ni matuƙa. Su ba su da ashanar nan mai saurin kamawa sam, ba kuma ƙarfen da ke zamewa ya koma saiti. Abin da ke cikinsu ba ya jin bugu, ba abin da ke tada shi sai wata wutar lantarki mai ƙarfin gaske wadda batir ɗin tocila ko tartsatsin wayar gida ba za su iya bayarwa ba, kuma wutar ba ta taruwa sai ƴar na'urar da ke ciki ta tabbatar an harba shi da gaske ta hanyoyi biyu daban-daban, a jere yadda aka tsara, in ɗaya ya saɓa shikenan ta ƙi. In ya je bai tashi ba cajin sai ya tsiyaye da kansa. A makamai masu linzami aka fi sa su don tsada gare su. Duk wanda ya taɓa kwashe gawar yaro da ya tsinci ƙarfe a gona zai yi wa wanda ya ƙirƙiro wannan dabara addu'a. Amma nace wa malam, irin waɗannan ba su ke zuwa sikelin ƴan jari bola ba, tsoffin ne ke zuwa, kuma ko da na zamanin ne, babban abin fashewar na nan cikinsa, a sa shi a wuta a ga in zai tambayi kwamfuta izini.

Muka janye mutane, na sa aka kashe wutar da ƙasa a hankali daga ɗaya ɓangaren ba tare da an taɓa shi ba, gidaje huɗu da ke jikin maƙerar aka fitar da mata da yara zuwa filin makaranta. Wata tsohuwa ta ƙi fita sai da akuyarta, aka kwanto mata. Na tafi wajen dagaci na faɗi nayi gaisuwa nace "Allah ya taimake ka, a sa ƴan sintiri su tare hanyar nan gaba da baya, kada ko kaza ta gifta, sannan a kira Difi'o ya nemo mana ƴan sandan kwance bam daga Dutse." Dagaci mutumin kirki, nan take ya ciro waya. Aka ce mana sai da safe za su iso, mu tsare wurin.

Nan na kwana a bakin hanya kan tabarma, ni da ƴan sintiri uku da Sarkin Maƙera da ya rantse ba zai shiga gida ba tunda a ƙofarsa abin yake. Wajen ƙarfe ɗaya na dare sai naji motsi a bayana, ashe ɗan ƙanwar nan tawa ne, tun rana ya ɓace don tsoron faɗa. Ya tsuguna yana rawar murya yace "Kawu, akwai maganar da ban faɗa ba." Nace ina jinka. Yace "guda biyu ne na saya. Ɗayan jiya na haɗa shi cikin lodin da motar Kano ta ɗauka."

Mu haɗu Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba ku yadda muka bi motar nan.