Rayuwar Matar Soja a Tsohuwar Rasha: Kashi na 3

Makon jiya mun tsaya a ranar da aka aske wa mijin wata baƙauyiya gaban kai, alamar gwamnati ta karɓe shi aikin soja. Ƙauye ya raka shi da kuka irin na jana'iza, kuma da dalili. Tun 1705, zamanin Sarki Bitrus na Ɗaya, wanda aka ɗiba soja ya tafi ke nan har mutuwa. Sai a 1793 aka yanke wa'adin shekara 25, a 1834 ya koma 20.

A takarda, ranar nan ta sami 'yanci. Doka ta ce soja ya fita daga hannun mai gandu, wato wanda ya mallaki ƙasar da manoman da ke kanta kamar bayi, matarsa ma haka. To amma 'yancin ne ya cuce ta. Mai gandu ya daina ganin ciyar da ita a wuyansa. Gonar ƙauye kuma taron magidanta ke raba ta, gwargwadon mazan da za su yi noma su biya haraji, don haka rabon mijinta sau da yawa yakan koma hannun wasu. Ta zama ƙarin bakin ciyarwa a gidan surukai. In zama ya gagara, sai ta nemi takardar izinin tafiya, ta nufi birni wanki ko aikatau. Aure kuwa babu, sai ta kawo shaidar mutuwar miji, takardar da kan yi shekaru ba ta iso daga bataliya ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne 'ya'ya. Waɗanda ta haifa kafin tafiyarsa na mai gandu ne. Ɗa namijin da ta haifa bayan nan, ko ma ba na mijin ba ne, na hukumar soja ne: a rubuta sunansa, a kai shi makarantar bariki, ya cika 18 ya sa kaki. Shi ya sa uwaye ke ɓoye haihuwa, ko su rubuta yaron da sunan wani gida. Sarki Iskandar na Biyu ne ya soke wannan a 1856.

Tallafi mai ma'auni bai zo ba sai bayan gyaran dokar ɗibar soja na 1874, da ya maida zaman bariki shekara 6. Dokar 1877, lokacin yaƙi da Turkawa, ta tanadar wa kowane mabuƙaci a iyalin sojan da aka kira fagen fama kimanin kilo 28 na gari, kilo 4 na tsaki da kilo ɗaya da rabi na gishiri duk wata. Gishirin ma an auna, amma kuɗin bai fito daga baitulmali ba. Majalisun gunduma da ƙauyuka aka ɗora wa, wato maƙwabtan da su ma ba su ƙoshi ba, kuma hukumomin wurin ke tantance wace ce mabuƙaciya. Ƙauye matalauci sai ya ce surukanta na da hali.

Mako mai zuwa za mu duba ranar da mijin ya dawo, da abin da ya tarar.