Kwana huɗu kafin Kirsimeti

Tun farkon Disamba nake ta kai da kawowa tsakanin kasuwa da shagon tela, na sayi shinkafa, na ɗaure akuya a bayan ɗaki, har na yi wa falo sabon fenti, amma ban zauna ko sau ɗaya na tambayi kaina halin da zuciyata take ciki ba. A sujadar Lahadin da ta wuce ne mai wa'azi ya karanta mana Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya umarci mai kawo baiko ya bar shi a gaban bagade, ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna.

Nan take ƙanena ya faɗo mini a rai. Shekara biyu ke nan ba ma ga maciji da juna saboda iyakar gonar da Baba ya bar mana, wadda, in an bi gaskiya, ba ta kai a ɓata zumunci a kanta ba.

Jiya da asuba, cikin hazo da sanyin hunturu, na hau babur na tafi gidansa. Na tarar da shi yana jin ɗumi a bakin murhu, sai ya miƙe a ruɗe ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce masa gafara na zo nema. Mun daɗe ba wanda ya iya magana, har matarsa ta kawo mana kunu.

Maganar gonar ba ta ƙare ba, amma ya yi alkawari zai kawo yaransa gidana ranar 25 bayan an tashi daga majami'a.