Godiya bayan abin da ya faru a Kwangila

Alhamdulillahi. Hajiya tana gida lafiya, motar ma ta tashi jiya bayan mako 7. Ga wanda bai ji labarin ba: motar mai aiki da lantarki ce, ta mutu a Kwangila, ƙofofinta suka ƙi buɗewa Hajiya tana ciki.

Mintunan nan da ƙofofin suka ƙi buɗewa su ne ba za su fita ranmu ba. Rana tsaka, gilashi a rufe, Hajiya tana bubbuga shi da tafin hannu. Wani har ya ɗauko dutse. Yaron mai rewaya na Sabon Gari ne ya tare shi, ya manna fuskarsa a gilashin yana nuna mata ƙaramin hannun gaggawa da ke jikin ƙofar daga ciki, yana cewa, “Mama, ja shi sama, a hankali.” Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan magabatanka, Ya ba ka garejin kanka.

Masu tambaya ko babban batir mai tafiyar da motar ne ya mutu, a'a, yana da caji fiye da rabi. Ƙaramin batir mai bolt 12 ne ya faɗi zuwa 9. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke kunna allo, shi ke haɗa makunnin babban batirin, in ya kwanta komai ya kwanta. Na'urar da ke rage wutar babban batir tana ciyar da ƙaramin ita ce ta lalace, kuma allon bai nuna komai ba. Motocin farko na sabon kamfani sun saba da irin wannan, ga kayan gyara sai an yi odarsu daga waje. Mai irin motar ya auna ƙaramin batirin da mita: a kashe bolt 12.6, a kunne kusan 14. In ta tsaya a 12 tana kunne, kada a hau titi. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa, wutar kusan bolt 400 ce, ba a taɓa su.

Baba mai janwe, mun gode da ka ƙi jan ta da igiya, ka ɗora ta bisa bayan mota, don juyawar taya tana haifar da wuta a injin. Maƙwabtanmu na Tudun Wada da suka yi ta kawo abinci, Allah Ya saka da alheri, Ya tsare ku da iyalanku. 'Yan uwan da ke nan cikin birni ko waya ba su buga ba, to, muna gaishe su.

Hajiya ta ce a nemo mata yaron nan ranar Juma'a, tana son ganinsa.