Saura wata huɗu

Ranar da na ce wa uwargida mu sayar da tsohon gidanmu mu biya wa babbar 'yarmu kuɗin jami'a, lissafin 'yan kasuwa ne a kaina: nawa na saya, nawa zan sayar, abin da ya hau kai nawa ne. Na shekara goma sha huɗu a Amurka, amma ban taɓa sayar da abin da ya wuce mota ba.

Gidan shi ne na farko da muka mallaka a ƙasar nan. Mun shekara shida a cikinsa, sannan aiki ya mayar da ni wani gari, muka zuba 'yan haya. Da na je wurin matar da ke cike mana takardun haraji duk shekara, ko kuɗin gidan ba ta tambaya ba. Cewa ta yi, "Yaushe kuka tashi daga cikinsa?" Na ƙirga da yatsu: shekara biyu da wata takwas. Ta ajiye biro ta ce to, saura mana wata huɗu.

Ashe doka ta yafe wa mata da miji da ke cike takarda tare haraji a kan ribar sayar da gida har ta dala 500,000, mutum ɗaya kuma 250,000, muddin sun zauna a gidan shekara 2 cikin shekaru 5 da suka gabaci ranar sayarwa. Ke nan da zarar ka cika shekara uku da tashi, ƙofar ta rufe, IRS, hukumar harajin Amurka, ta shigo cinikin. Yawancin masu albashi irina kashi 15 cikin ɗari na ribar suke biya, ban da abin da jiha za ta yanka. Ni kuwa da niyyar jiran bazara na zo, wai ko farashi zai ɗaga.

Duk da haka ba mu fita salin-alin ba. Mai gidan haya ana rage masa haraji kowace shekara saboda tsufan gini, ana raba darajar ginin a kan shekara 27 da rabi. Ranar sayarwa sai a dawo a karɓi haraji a kan wannan ragin, har zuwa kashi 25 cikin ɗari, kuma yafiyar nan ba ta shafe shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ko ba ka taɓa neman ragin ba, lissafa maka shi za a yi. Har yau ban ga adalcin wannan ba.

Sai batun rasit. Kuɗin da ka kashe wajen inganta gida, kamar sabon rufi, ana ɗora shi a kan kuɗin saye, riba ta ragu a takarda. Uwargida tana da wani kwalin takalmi da take tara takardu, na sha yi mata tsiya a kansa. Daren nan ta dire shi a gabana ta ce, "Maigida, ga sharar taka."

A ɓangaren makaranta kuma, fom ɗin neman tallafin karatu, FAFSA, kuɗin shigar shekara biyu baya yake dubawa. Duk abin da ya hau takardar harajinmu a shekarar sayarwa zai biyo yarinyar lokacin da ta yi nisa a karatu. Gidan da iyali ke zaune ciki ba a ƙirga shi a fom ɗin, amma gidan haya da kuɗin banki ana ƙirgawa.

Mun sa dillaliya ta rage farashin gidan don a yi sauri, aka sa hannu saura kwana goma sha tara wa'adin ya cika. Kason haraji na ware shi a wani asusu daban, ban taɓa shi ba sai 15 ga Afrilu, ranar biyan haraji. Yarinyar kuwa da ta ga takardar biyan zangon farko, abin da ta tambaya shi ne, "Baba, waɗanda suka saya za su bar bishiyar da muka dasa a bayan gida?"