"Don girman Allah, ka tafi"

Yau na ci karo da bidiyon zaman majalisar dokokin Birtaniya na 19 ga Janairun 2022, lokacin da ake matsa wa firaminista Boris Johnson ya sauka saboda shagulgulan da aka yi a Downing Street, gida da ofishin firaminista, a kullen korona. David Davis, dattijo ɗan jam'iyyarsa, ya miƙe daga kujerun bayansa, bai ɗaga murya ba, ya ce masa: don girman Allah, ka tafi.

Jikina ya yi sanyi. Nan take na tuno mutanen da iyayensu suka cika a asibiti ba kowa a kusa, saboda sun bi dokar da Johnson ya kafa. Har yanzu ina tunanin yadda suka ji da ya ƙi sauka sai Yuli.